Yadda Za Ka Tantance Iƙirarin Cewa Wani Tsohon Zane Hoton Ƙwaƙwalwa Ne

Akwai wasu hotuna da suka daɗe suna yawo a Facebook da WhatsApp, waɗanda ake jera wata tsohuwar alama kusa da hoton ƙwaƙwalwar mutum da aka tsaga gida biyu, sannan a rubuta a ƙasa cewa mutanen dā sun san abin da likitocin yau suka sani. Uku ne suka fi shahara: Idon Horus na tsohuwar Masar, da ɗan itacen fayin (wata bishiya mai ganye kamar allura) da ake gani a sassaƙen Assuriyawa da kuma a farfajiyar Batikan, da zanen halittar Adamu da Michelangelo ya yi a rufin ɗakin ibada na Sistine. Kamannin kan ɗauki ido ƙwarai, musamman idan wanda ya haɗa hotunan ya iya aikinsa. Sai dai kama da wane ba ta wane ba ce, kuma akwai hanyar da mai karatu zai bi ya gane wanne iƙirari ne yake da tushe, ko da bai karanci likitanci ko tarihin zane ba.

Abu na farko shi ne ka nemi ainihin zanen, kada ka tsaya ga wanda aka turo maka. Manyan gidajen adana kayan tarihi kamar British Museum a Landan, da Louvre a Faris, da Metropolitan Museum a New York sun zuba hotunan kayansu a intanet kyauta, tare da bayanin inda aka samo kowane abu da zamaninsa. Ka nemi Idon Horus a can, ka duba misalai da yawa daga zamanai daban-daban. Za ka tarar cewa tsawon girar, da lanƙwasar jelar da ke ƙarƙashin idon, da girman ƙwayar idon duk suna canzawa daga wannan laya zuwa waccan, domin an shafe fiye da shekara dubu biyu ana yin alamar. Masu haɗa hotunan sukan zaɓi guda ɗaya da ta fi dacewa da bukatarsu, su ja ta ko su karkata ta, su shafa mata launi iri ɗaya da na sashen ƙwaƙwalwar da suke so ta yi kama da shi. Idan dacewar ta ɓace da zarar ka sauya misali, to aikin kwamfuta ka gani, ba ilimin Masarawa ba.

Bayan haka sai ka tambayi kanka ko masu zanen suna da halin ganin abin da ake cewa sun zana. Wannan tambaya ita ce ta fi kowacce amfani, kuma mutane kaɗan ne ke yin ta. Siffar da ake kwatanta Idon Horus da ita tana bayyana ne kawai idan an yanka ƙwaƙwalwa daidai tsakiya, daga goshi zuwa ƙeya, yanka mai tsafta da bai dagula komai ba. A nan ne ake ganin gadar da ke haɗa ɓangaren dama da na hagu, wadda ake cewa ita ce girar, da kuma dunƙulen da likitoci ke kira talamus, wanda ake cewa shi ne ƙwayar idon. Ɗanyar ƙwaƙwalwa kuwa abu ne mai taushi sosai, wadda ke sulalewa ta baje da zarar an fitar da ita daga ƙoƙon kai, kuma a ƙasa mai zafi irin Masar ba ta daɗewa take ruɓewa. Hotunan da ke cikin littattafan likitanci na yau na ƙwaƙwalwar da aka jiƙa a sinadarin fomalin ne har ta yi tauri, kuma sai a shekarar 1893 ne Ferdinand Blum, wani likita a Jamus, ya gano amfanin fomalin wajen taurara nama. Kafin nan masana sun yi ta dabaru, wasu su jiƙa ta a barasa, wasu su dafa ta a mai.

Kana iya gwada wannan da kanka ba tare da ka shiga ɗakin fiɗar gawa ba. Ka samu kan rago daga wurin mahauci, ko ka jira lokacin layya, a fasa maka ƙoƙon a hankali, sannan ka yi ƙoƙarin raba ɗanyar ƙwaƙwalwar biyu da wuƙa mai kaifi. Daga baya ka gwada da wadda aka tafasa. Bambancin da za ka gani zai nuna maka irin wahalar da ke cikin ganin tsarin cikinta, zai kuma nuna maka cewa ba abu ne da ya gagara baki ɗaya ba, tunda da ƙwaƙwalwar dabbobi, musamman ta shanu, Galen, wani likita Bagirke, ya yi yawancin bincikensa a ƙarni na 2 Miladiyya. Abin nema dai shi ne shaidar cewa mutanen da ake magana a kansu sun yi irin wannan aikin.

A wajen Masarawa, shaidar da ke hannu tana nuna akasin haka. Masu gyaran gawa sukan fasa ƙashin da ke saman kogon hanci, su zura ƙarfe mai lanƙwasa ko tsinke su dama ƙwaƙwalwar har ta narke, sannan su tsiyaye ta ta hanci. Herodotus, masanin tarihin Girka da ya rayu a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya bayyana wannan aiki, kuma hotunan asibiti da aka ɗauki gawarwakin a zamaninmu sun tabbatar da karyewar ƙashin. Wanda yake fitar da ƙwaƙwalwa ta wannan hanya ba zai taɓa ganin siffarta ba. Hanta da huhu da tumbi da hanji ana busar da su da kanwa, a adana kowanne a tulunsa, tulu huɗu ke nan. Zuciya ana barin ta a cikin jiki, domin a imaninsu ita ce mazaunin hankali, kuma ita za a ɗora a ma'auni a auna da gashin jimina na Maat, abar bautarsu ta gaskiya, a gaban Osiris, mai mulkin matattu a imaninsu. Ƙwaƙwalwa ba ta da tulu, ba ta da wuri a ma'auni. Yana da wuya a yarda cewa mutanen da ke zubar da ita sun mayar da tsarin cikinta alamarsu mafi daraja.

Wannan bai nuna cewa Masarawa ba su san komai game da ita ba, kuma a nan ne mataki na gaba yake shigowa, wato karanta abin da mutanen suka rubuta da hannunsu. Fafirus ɗin Edwin Smith, wato wani tsohon rubutun Masar a kan naɗaɗɗiyar takarda, wanda wani Ba'amurke mai wannan suna ya saya a Luxor a 1862, kuma James Henry Breasted ya fassara a 1930, an rubuta shi wajen shekara ta 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma masana na ganin kwafi ne na wani littafi da ya girme shi. Yana ɗauke da bayanin raunuka 48, yana farawa daga kai yana gangarowa. A bayani na shida, marubucin ya kwatanta mutumin da ƙoƙon kansa ya farfashe har ƙwaƙwalwa ta bayyana: ya ce lanƙwashe-lanƙwashenta sun yi kama da yamutsin da ke fitowa a kan narkakken jan ƙarfe, kuma tana harbawa a ƙarƙashin yatsa kamar maɗigar jariri. Ya ambaci tantanin da ke lulluɓe ta da ruwan da ke cikin kai, kuma a wasu wuraren ya lura cewa rauni a kai yana iya hana mutum magana ko ya sa shi jan ƙafa. Wannan ilimi ne na gaske, na likitan da ya ga raunukan yaƙi ko na wurin gini da idonsa. Amma ka lura da iyakarsa: saman ƙwaƙwalwa ya gani ta cikin rauni, bai ce komai game da tsakiyarta ba, bai yi zane ba, bai kuma haɗa ta da Idon Horus ba.

Shi kuwa idon, rubuce-rubucen Masarawa ba su ɓoye ma'anarsa ba. Horus abin bautarsu ne da ake zanawa da kan shaho, kuma tatsuniyarsu ta ce Seth, wani abin bautar nasu, ya cire masa ido a faɗan da suka yi, daga baya aka mayar masa da shi lafiyayye. Saboda haka alamar ta zama ta waraka da tsari, ana yin laya da ita, ana zana ta a jikin akwatin gawa, ana kuma ɗora ta a kan wurin da aka tsaga cikin mamaci. Layin da ke saukowa ƙarƙashin idon ya yi daidai da baƙin zanen da ke fuskar shaho, kuma duk wanda ya duba hoton tsuntsun zai gan shi. Idan bayani mai sauƙi irin wannan ya wadatar, kuma masu alamar da kansu suka bayar da shi, nauyin kawo hujja yana kan mai cewa akwai wata ɓoyayyiyar ma'ana.

Za ka iya cin karo da wata maƙala da ta fito a mujallar likitanci ta Cureus a 2019, wadda ta ɗora sassan idon shida a kan sassan ƙwaƙwalwa, ta danganta su da gani da ji da shinshina da ɗanɗano da taɓawa da tunani. Fitowa a mujalla ba ta rufe magana. Ka duba fannin marubutan, ka kuma duba a kan me suka jingina. Wannan maƙala ta dogara da wani tsohon ra'ayi da Georg Möller ya kawo a 1911, cewa sassan idon suna wakiltar rabi, da rubu'i, da sumuni, har zuwa kashi ɗaya cikin 64 na mudun awon hatsi. A 2002 Jim Ritter, masanin tarihin lissafi, ya nuna cewa idan aka bi alamomin awon zuwa siffarsu mafi tsufa, sai kamanninsu da sassan idon ya riƙa raguwa. Likitan tiyata gwani ne wajen gane sassan ƙwaƙwalwa, kuma wannan ƙwarewar ce ma take sa ya riƙa ganin su a ko'ina, amma tambayar abin da Bamasare yake nufi da zanensa tambaya ce ta masu karanta rubutun Masar.

Batun ɗan itacen fayin ya fi sauƙin warwarewa, domin tsara shekaru kawai yake bukata. A tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu da bai wuce ƙwayar shinkafa ba, wanda Galen ya bayyana, kuma sunansa na Girkanci da na Latin daga siffar ɗan itacen fayin aka samo shi. Ɗaukakar da ya samu a matsayin mazaunin rai ta zo ne daga René Descartes, masanin falsafa Bafaranshe, a ƙarni na 17, kuma masu ilimin ɓoye na ƙarni na 19 suka ƙara masa laƙabin ido na uku. Sassaƙen fadar Ashurnasirpal na Biyu a Nimrud, a Iraƙi ta yau, inda ake ganin wasu halittu masu fukafukai riƙe da guga a hannu ɗaya da abu mai kama da ɗan fayin a ɗayan, na ƙarni na 9 ne kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wato kusan shekara dubu kafin Galen. Rubutun Assuriyawa na kiran abin da mai tsarkakewa, kuma masana sun rabu tsakanin masu cewa na yayyafa ruwan tsarki ne da masu cewa furen namijin dabino ne da ake kaɗawa a kan na macen. Babban ɗan fayin na tagulla da ke Batikan, mai tsayin kusan mita huɗu, asalinsa maɓuɓɓugar ruwa ce ta ado a tsohuwar Roma. An ba ƙullutun sunan ɗan itacen, sannan bayan ƙarnuka aka juyo ana cewa ɗan itacen hoton ƙullutun ne.

Yana da amfani ka san yadda abin yake idan mutanen dā suka yi niyyar siffanta wata gaɓa ta cikin jiki. Mutanen Babila suna duba da hantar tunkiya, kuma sun bar mana hantoci na yumɓu da aka rarraba gida-gida aka yi rubutu a kai domin koyar da almajiran duba. Akwai ɗaya a British Museum, an kuma tono wasu 32 a tsohon birnin Mari da ke Siriya. A kusa da Piacenza ta Italiya an tsinci hantar tagulla ta Etruskawa, wasu mutanen dā na ƙasar, a 1877, cike da sunayen abubuwan bautarsu. Ba sai an karkata hoto ko an shafa launi ba kafin a gane hanta ce, kuma rubutun da ke jikinta ya faɗi amfaninta.

Haka zanen ƙwaƙwalwa na gaske yake, kuma yana da wata alama da ya kamata ka riƙe da kyau: yana ɗauke da kurakuran zamaninsa. Herophilus da Erasistratus sun fede gawarwakin mutane a Iskandariya a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), amma littattafansu sun ɓata, sai abin da wasu suka naƙalto. Daga baya, wajen shekara ta 400 Miladiyya, Nemesius na Emesa ya raba ayyukan hankali a kan ɗakunan ruwa da ke cikin ƙwaƙwalwa, inda ya sa hasashe a gaba, tunani a tsakiya, tuna abu a baya. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya faɗaɗa wannan tsari, kuma an shafe ƙarnuka masu zane suna yin kai mai da'ira uku a jere, kowace da sunanta. Wani kwafin Kitab al-Manazir na Ibn al-Haytham da aka rubuta a 1083, wanda ke Santambul, yana da zanen idanu biyu da jijiyoyinsu suna haɗuwa kafin su shiga ƙwaƙwalwa, kuma an rubuta sunan kowane sashe da Larabci. Littafin Mansur ibn Ilyas na Shiraz, na ƙarshen ƙarni na 14, ya zana jijiyoyin jiki gaba ɗaya suna fitowa daga kai da laka. Ko Leonardo da Vinci, a zanensa na farko wajen 1490, ɗakuna ukun nan ya jera a bayan ido kamar yadda aka koya masa, sai daga baya da ya ɗura narkakken kakin zuma a cikin ƙwaƙwalwar bijimi ya ga ainihin siffarsu. Galen ya ga wani saƙaƙƙen tarin jijiyoyin jini a gindin ƙwaƙwalwar dabbobi masu kofato, ya ɗauka mutum ma yana da shi, kuma Andreas Vesalius, babban masanin fiɗar gawa, da kansa ya zana shi a 1538 kafin ya janye a babban littafinsa na 1543. Don haka idan aka nuna maka alama mai shekara dubu huɗu da ta dace da littafin likitanci na yau ba tare da kuskure ko ɗaya ba, wannan dacewar ita kanta dalilin shakka ce.

Saura Michelangelo, wanda ba na zamanin dā can ba ne, tunda tsakanin 1508 da 1512 ya yi aikin rufin Sistine, amma kullum ana haɗa shi da sauran, kuma shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. A 1990 wani likita Ba'amurke, Frank Meshberger, ya rubuta a mujallar likitanci ta JAMA cewa jan mayafin da ke kewaye da siffar da mai zanen ya yi don wakiltar Mahalicci, bisa al'adar zanen coci, tare da mala'ikun da ke ciki, ya yi daidai da ƙwaƙwalwar da aka raba tsakiya, har ya ce koren gyalen da ke reto a ƙasa jijiyar jini ce da ke hawowa ta wuya. A 2010 Ian Suk da Rafael Tamargo na Jami'ar Johns Hopkins suka ce a wani sashen rufin, inda ake raba haske da duhu, kumburin da ke wuyan siffar hoton tushen ƙwaƙwalwa ne, wato sashen da ke haɗa ta da laka, idan an kalle shi daga ƙasa.

Ka bi da wannan ta tambayoyin da suka gabata, za ka ga sakamakon ya bambanta da na Idon Horus. Halin gani yana nan, domin Ascanio Condivi, almajirinsa da ya rubuta tarihinsa a 1553, ya ce shugaban gidan ibada na Santo Spirito a Florence ya ba shi ɗaki da gawarwaki yana fedewa tun yana saurayi, kuma a daidai wannan zamani Leonardo yana zana ƙwaƙwalwar da aka buɗe ta tsakiya. Kumburin wuyan ma abin lura ne, tunda mutumin da ya ƙware a zanen tsokar wuya ba kasafai zai yi irin wannan bisa kuskure ba. Inda maganar ta yi rauni shi ne wajen rubutu: babu wasiƙa ko waƙa tasa da ta ambaci haka, babu zanen ƙwaƙwalwa da ya rage daga hannunsa, kuma Condivi da Giorgio Vasari, waɗanda suka san shi ido da ido, ba su faɗa ba. Gaskiya ne ya ƙona zane-zanensa da yawa kafin rasuwarsa a 1564, amma takardar da ta ƙone ba ta zama shaida ga kowane ɓangare.

A nan akwai gwaji ɗaya da ya rage, kuma a ganina shi ne mafi kaifi: ka bincika ko wasu ƙwararru sun ga wani abu dabam a wuri ɗaya. A 2015 wasu likitocin Italiya sun rubuta a Mayo Clinic Proceedings cewa wannan jan mayafin mahaifa ce bayan haihuwa, koren gyalen kuma cibiya ce da aka yanke. A 2000 Garabed Eknoyan, likitan ƙoda, ya ga siffar ƙoda a mayafin wani sashen rufin, yana mai tuni da cewa Michelangelo ya yi fama da tsakuwar ƙoda. Gyale ɗaya ba zai zama jijiyar wuya kuma ya zama cibiya ba, alhali kowane ɓangare ya kawo hotunan da suka dace. Hukuncin da ya dace da zanen halittar Adamu shi ne mai yiwuwa ne amma ba a tabbatar ba, kuma abin da zai sauya shi shi ne a samu wani zanen share fage daga hannun Michelangelo mai nuna ƙwaƙwalwa, ko wata wasiƙa ta wani na kusa da shi da ta ambaci niyyarsa.